Motar Izom

Karo na uku ke nan Sailuba ta kai ludayin koko bakin Inna Daso, karo na uku kuma tsohuwar ta kau da kai ta zuba wa bango ido.

"Inna, ki sha ko kurɓi biyu ne. Tun la'asar ɗin jiya ba abin da ya shiga cikinki."

Inna ta ƙara matse baki.

Sai ƙarar keken ɗinki ta tsaya a ɗakin bakin zaure. Chinelo, 'yar hayarsu, ta leƙo da tef ɗin awo rataye a wuyanta.

"Mama, ina kwana? Ka ƙi shan koko kuma?"

Hausar Chinelo ba ta raba mace da namiji, amma wa ya damu? Nan take fuskar Inna ta washe. "'Yata! Ina kika shiga? Zo nan, zo nan." Chinelo ta durƙusa ta karɓi ludayin, kafin ka ce kwabo ƙwarya ta koma wayam, har Inna tana lasar leɓe tana sa mata albarka.

Sailuba ta ɗauki ƙwaryar ta fita. Kishi ne ya cika mata ciki, ta kuma san kishi ne, ba ta yi wa kanta ƙarya ba. Ita ce ta jiƙa geron, ita ta niƙa, ita ta dama, amma albarka ta tafi ɗakin haya.

Sailuba ce 'yar farin Inna. Ana yaye ta goggonta ta ɗauke ta zuwa Izom, can ta girma, can ta yi aure. Tsawon shekara arba'in da uku Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa haɗa ido da ita ba, sai dai "waccan" ko "yarinyar nan". Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san da ita, Sailuba kuma ba ta taɓa ƙorafi ba. Da ruɗewar tsufa ta kama Inna shekara biyu da suka wuce, ƙanen Sailuba, Isiyaku, wasiƙa kawai ya aiko daga Kaduna. Ita ce ta bar miji da 'ya'ya ta dawo. Ita ke wanke shimfiɗa kullum safiya, ita ke kwashe abin da ba a faɗa. Ciwon ya kwashe wa Inna lissafin raka'o'i, ya kwashe sunan marigayi mijinta, ya kwashe kunyar fita ba mayafi, amma wannan kau da kai ɗin ya ƙi taɓa shi. Ita kuwa Chinelo, wadda ta zo bayan yaƙin basasa da kekenta da mijinta Romanus bakanike, ta samu "'yata" a ɓagas. Har ƙwayoyin sukarin da ke ɓacewa daga gwangwani, Sailuba ta tabbata Inna ke kwasa tana miƙa wa Nneka, 'yar Chinelo.

Tana tsugune bakin rijiya tana cuɗa zanen gado ta yanke shawara. Za ta ce wa Chinelo Isiyaku zai dawo, yana son ɗakinsa. Ƙarya ce, amma ta ishe ta. In babu Chinelo a gidan, ko Inna ta so ko ta ƙi, daga hannunta za ta ci.

Ta shanya wanki, ta goge hannu a zani, ta tsaya ƙofar ɗakin ɗinki.

"Maman Nneka, ina da magana da ke."

Chinelo ta ɗaga ƙafa daga keke, amma idonta ya wuce kafaɗar Sailuba. "Yaya, wa ya buɗe zaure? Ina Mama?"

Tabarmar Inna ba kowa, sai takalmi wari ɗaya.

Suka rabu a bakin hanya, Chinelo ta yi wajen garejin mijinta, Sailuba ta nufi kasuwa. Garin ya zama abin da ya zama tun da aka ɗauke masa suna aka ba sabon babban birnin ƙasa da za a gina, aka ce shi kuma Suleja ne. Ko'ina tifa da manyan motoci da baƙin da ba su san kowa ba, wa za ka tambaya? Ta duba rumfar masu daddawa inda Inna ta yi shekaru tana sana'a, ta duba bayan masallaci. Tana tafe tana salati, wata zuciyar kuma tana ce mata in dai Chinelo ce ta fara ganinta, to, ta shiga uku da gori.

Wata mai ƙosai ce ta ce ta ga tsohuwa da takalmi ɗaya ta yi hanyar tasha.

A kan benci ta same ta, kusa da motar Izom da ake yi wa lodi, ta riƙe wani ƙulli a bakin zaninta. Sailuba ta tsaya tana haki, tana jiran a kau da kai. Sai Inna ta ɗago ta dube ta tsakiyar ido, ta yi murmushi.

"Baiwar Allah, zauna mana, kin sha rana. Ke ma Izom za ki?"

Sailuba ta matso kusa da ita. Ta zauna. "E, Inna."

"Ina da yarinya a can." Inna ta kama hannunta ta ɗora a cinyarta tana shafawa. "Ranar da aka yaye ta goggonta ta goya ta, tana kuka tana miƙo hannu. Ni kuwa ina daka. Ban ɗaga kai ba, kar a ce ba ni da kunya. Geron nan ya zama gari, ban daina dakawa ba sai da surukata ta riƙe taɓarya."

"Yaya sunanta, yarinyar?"

Inna ta duba dama, ta duba hagu, ta matso bakinta kusa da kunnenta.

"Sailuba. Kar ki gaya wa kowa na faɗa."

Ta kwance ƙullin. Ƙwayoyin sukari ne, sun fi ashirin, wasu sun narke sun manne da juna sun yi baƙi. "Ki kai mata. Tana son zaƙi. Ki ce wata ce ta ba ki."

Kwandasta yana ta ihun saura mutum biyu, Sailuba kuwa hawaye kawai take yi, Inna tana share mata da bakin zani tana cewa ta yi haƙuri, duniya ce. Da ƙyar Sailuba ta lallashe ta cewa motar yau ta cika, sai gobe. Suka kamo hanya hannu cikin hannu, Sailuba ta ba ta takalmanta ita tana tafiya ƙafa ba komai. Da gangan ta bi doguwar hanya, ta bayan kasuwa.

Chinelo tana tsaye ƙofar gida, ta hango su ta ɗaga hannu sama tana godiya ga Allah da harshensu. Inna ta tsaya. Ta dubi zauren, ta dubi hannun da ke cikin nata, ta bi shi da ido har fuska. Sai ta zare hannunta a hankali, ta kau da kai.

"'Yata," ta ce da Chinelo, "gaya wa waccan ta ɗora tukunya, rana ta yi."

Chinelo ta kama ta suka shige. A tsakar gida ta waiwayo. "Yaya, ɗazu ka ce kana da magana."

"Ba komai. In na sauke tuwo ki zo ki ba ta."

Sailuba ta zauna gaban murhu, ta ɓalli ƙwayar sukari ɗaya ta jefa a baki. Daga ɗaki tana jiyo dariyarsu, ta saurari zuciyarta, ba ta ji komai game da Chinelo ba. Wadda take kishi yanzu ita ce matar nan ta tasha, wadda Inna ta riƙe wa hannu, ba ta kuma san ranar da za ta sake zama ita ba.