Madara Ba Ta Wanke Wannan Tarin

Sati biyar Shekari yana tari, sati biyar yana ce wa matarsa Naomi ƙura ce kawai, ƙurar buhunan masarar da yake dako a wani kamfanin abincin kaji a Kudenda. Maganin kuwa kowane lebura ya haddace shi: in an tashi aiki a huda gwangwanin madara a kwankwaɗe, wai tana wanke ƙirji. Wanke ƙirji fa! Sai ka ce kwanon miya.

Naomi ba likita ba ce, tumatir take sayarwa a Sabon Tasha, amma ita ke wankin gidan. Ita ke shanya zanen gado kullum safe, jiƙe sharkaf da gumi ko da an kwana ana ruwa. A gabanta ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu. Mai share malmala uku yanzu loma biyu ya ture kwano, yamma na yi kuma zazzaɓi ya rufe shi. Ran Talata ta zazzage aljihunsa, sai ga hankici duk kaki da jini. Haka tarin fuka ya yi wa yayanta, har aka binne shi ana cewa sanyi ne.

"Baban Samuel, tashi mu je asibiti a gwada kakin nan."

"In na yi fashi yau, wani za su ɗauka. Ke za ki riƙe gidan?" Ya sa kai ya fice.

Zuciya ta ciyo ta. Ta tari keke ta bi shi har ƙofar kamfani, inda leburori ke layi, oga yana zaɓen na yau.

"Oga, kar ka ɗauki wancan! Mijina ne, jini yake tofarwa. Kai kuma kana jin tarin nan sama da wata guda, madara kaɗai ka iya cewa a sha?"

Layi ya dare. Oga ya toshe hanci, ya nuna wani.

Shekari ya iso gabanta. "Kin tozarta ni a gaban maza. Kin raba ni da abincina. Ba zan yafe miki ba, Naomi."

"Kar ka yafe! Ka shekara goma kana gaba da ni, na ji na gani. Baƙin kayan takaba ne dai ba zan sa ba. Shiga keken nan."

Ya buɗe baki zai mayar mata, tari ya sarƙe shi har ya durƙusa. Ta tallabe shi tana kuka tana masifa, ta ce wa mai keke, "Asibiti."