Ramin da Musallam Ya Nuna

Wanda bai san teku ba zai ce ruwa ai ruwa ne. Masuntan Hasik sun san ba haka ba ne. Akwai wani rami a cikin teku, gabas da gari, sai ka tuƙa kwale-kwale har tsagar dutse ta hau daidai kan farin tsauni, sannan ka kashe inji. Gida biyar suka gaji wurin, kuma ba a nuna wa bare, ko da suruki ne. Da sanyi kifi ke cika shi maƙil. Da sanyin ne kuma hut ke ratsawa, manyan kifayen nan irin na Annabi Yunusa, suna feso ruwa ta ka, 'ya'yansu na biye.

To, Musallam, ɗan ɗaya daga gidajen biyar ɗin, shi ne ya nuna. Ba don sakarci ba, don Suhail ne ya roƙa, kuma nono ɗaya suka sha: ba ɗan gidajen ba ne, amma uwar Musallam ce ta shayar da shi. Suhail yana aiki a birni tare da masu bin sawun hut, ya zo bara ya ce ƙidaya kawai zai yi, ya maƙala wa ɗaya na'ura a san inda suke zuwa. Tsoho Bakhit, babban gidajen biyar, ya ƙi.

"Ɗana, da ɗan gari akan ci gari," in ji shi.

"Baffa, wannan ɗan'uwana ne. In ya ci amana, ni na ci."

Gaban kowa ya faɗi haka, har da dukan ƙirji.

Makon jiya Suhail ya sake zuwa, da kwanon alawa a hannu. Suka haɗa hanci irin gaisuwar garin, suka zauna a ɗakin baƙi. Musallam ya tambaye shi labari, ya ce babu, sai alheri. Wannan ba laifi ba ne, haka kowane baƙo ke cewa. Sai an ci dabino, an sha gahawa, an girgiza finjali alamar an ƙoshi, sannan mutum ya zazzage abin da ya kawo shi, mai daɗi ko mai ɗaci. Suhail ya ci dabino, ya sha, ya girgiza finjali. Musallam ya gyara zama. Sai bawan Allah ya tsokane shi a kan tumbinsa, ya tambayi lafiyar raƙuma, ya tashi ya shiga mota.

Ranar Lahadi Tuful, matar Musallam, ta ƙara muryar rediyo tana soya kifi. An kafa dokar kare hut. Ba raga, ba inji a hanyarsu duk tsawon sanyi, da jirgin sintiri mai gadi. Mai karatu ya zayyana iyakar wurin, Musallam yana ji ana kewaye ramin kakansa kamar ana auna fili. Ya ture kwanon shinkafar da ke gabansa. Ya wanke hannu ya ɗauki waya.

"Suhail, ka san da wannan dokar ranar da ka zo?"

"Na sani."

"Ka sani, ka sha gahawata, ka girgiza min finjali."

"Yaya, ka saurare ni. Raga na kashe su. Kai da kanka ka ga uwar hut ɗin nan da igiya ta yanke wa wutsiya. Saura kaɗan su ƙare."

"Na gani. Ni na yanka ragata na sake ta, kana birni kana shan sanyi. Ba maganar kifi nake maka ba. Bara da ka ce ƙidaya, ka san inda ƙidayar za ta kai?"

"Da na faɗa maka, da ba ka kai ni ba."

"Ashe ka san ni."

Ya kashe wayar. Wallahi ba dokar ce ta fi ƙona masa rai ba. Hukuma ta saba, yau ta hana wannan gobe ta hana wancan. Amma a ce wanda uwarka ta goya ya dube ka ya lissafa ka, ya ga gara ya yi maka ƙarya? Don kunya da baƙin ciki, ya kwana biyu ko masallacin unguwa bai leƙa ba.

Da safiyar Laraba ya daure ya sauka bakin ruwa, ya shirya wa zagi. Ba wanda ya zage shi, da ma sun zage shin. Gidajen huɗu suna loda raga, kwale-kwalensu sun juya kudu, inda shi bai san wani rami ba. Ya yi sallama, aka amsa cikin ladabi irin wanda ake yi wa baƙo.

"Baffa, ina aka nufa?"

"Nan dai," in ji Bakhit, yana naɗe igiya.

"A kudu akwai wuri ne?"

"Allah bai hana bayinsa."

"Bari in sauko da nawa in bi ku."

Tsohon ya ɗago ya dube shi, ba fushi a fuskarsa, sai tausayi. Ya ɗaga wa mai inji hannu ya dakata.

"Ka zauna gida, Musallam. Kana da ɗan'uwa a birni. In mun dawo a aiko, za mu ba Tuful na miya."