Zanen da Aka Shanya a Kan Dutse

"Inna, me ya sa Iya Habsu ta ce kada 'ya'yanta su taɓa ni?"

Yakura ta juya 'yarta Zaliha, ta sake duba ƙurajen da suka feso mata a baya. Garin Gure bai gama farfaɗowa daga yunwar fara ba, agana ta shigo. Duk wanda aka gani da ƙuraje, bukkar bayan gari ake kai shi, a riƙa ajiye masa ruwa daga nesa. Kaɗan ne suka dawo.

Da hantsi mai unguwa Barmo ya yi sallama, ya tsaya bakin darni.

"'Yata, da la'asar za a zo ɗaukar yarinyar. Ba son raina ba ne."

"Baba, jikinta ba zafi. Ta sha fura har ta nemi ƙari. Wace agana ce ke neman ƙari?"

"Ni dai ƙuraje na gani."

Da ya tafi, ta rungume yarinyar. A nan ta lura: ƙurajen sun tsaya daidai inda zane yake rufewa, fuska da ƙafa lafiya lau. Jiya ta wanke zanen, ta shanya shi a kan dutsen da take tsinkar anza, 'ya'yan itacen da ake ci lokacin yunwa, a gindinsa.

Ta goya Zaliha, ta fita da gudu. A gefen dutsen da rana ba ta cika bugawa, gansakuka ta manne toka-toka, kamar busasshen miki. Ta durƙusa. Ga gizaka ƙanana, baƙaƙe, masu gashi, suna kiwo a kanta. Kusa da su wani siririn ƙwaro ya lafe, rawaya da ɗigon baƙi, ya naɗe fikafikai a jiki kamar tabarma. Wani irinsa yana fitowa daga kwanson da aka saƙa da gashin gizakar. Ashe shi ne uwarsu. Ta kankare su duka cikin ƙoƙo.

A ƙofar mai unguwa, maƙwabciyarta Habsu ta taɓe baki. "Yakura ta zautu. Ƙwari ta kawo mana shaida."

Yakura ta ɗauki gizaka ta murje a damtsenta, ta miƙa hannun, ta tsaya cikin rana. Ba abin da ya fito. Inuwa ta fara karkata, tana ta salati a zuci. Can fatar ta yi ja, ta kumbura, ƙuraje suka feso irin na Zaliha sak.

Barmo ya daɗe yana kallo. "A bar ta a ɗakin uwarta. Amma in zazzaɓi ya zo, ba ni da ta cewa."

Zazzaɓi bai zo ba.

Ke mai goyo, in kin ga dutse mai gansakuka da ɗan ƙwaron nan rawaya a lafe, kada ki shanya zanen ɗanki a kai.