Barkono A Lagireto

Tun kafin su kai shataletalen kasuwa allurar zafin inji ta kwanta a kan ja, sai Injiniya ya yi kamar yana goge gilashinta, ya bar hankicinsa a kai. Shi ba injiniya ba ne, a gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya. Abokan hirarsa ne suka laƙaba masa sunan ranar da ya gyara wa wani fanka ta koma juyawa da baya, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu.

Matarsa na gefe, rungume da kwandon kayan jariri. Da safen nan 'yarsu ta haihu, jikansu na fari, kuma tun a gida ta ce su tari tasi. Ya ce ba za a ce jikansa ya zo duniya, kakan ya je ganinsa a motar haya ba.

"Malam, ba ka jin kamar ana girki?" ta tambaye shi tana jan hanci.

Ya ce ai kusa da kasuwa suke. Bai rufe baki ba tururi ya turnuƙe daga gaban motar, injin ya yi tari ya mutu. Masu wucewa suka taya shi turawa zuwa wani gareji a bakin hanya.

Bakaniken wani ƙaton mutum ne marar gaggawa. Ya bari inji ya huce, ya sa tsumma ya murɗe murfin lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya leƙa, sai atishawa. Ya sake leƙawa, ya sake atishawa har da hawaye. Ya durƙusa ya zare tiyon ƙasa, wani ruwa mai kauri, ja kamar kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya bulbulo cikin roba, wasu fararen ƙulle-ƙulle na yawo a kansa.

Ya ce tsatsa dai ya san ta, duk motar da aka daɗe ana ɗura wa ruwan rijiya haka cikinta yake ruɓewa. Amma fararen abubuwan nan da wannan yaji, tun da ya fara riƙe sifana bai taɓa gani ba.

Injiniya ya ja shi gefe ya rage murya. Bara ne lagireton ya fara ɗiga. Wani direban tasi ya ce masa a fasa ɗanyen ƙwai a ciki, zafi ya dafa shi ya toshe hujin. Da ɗigar ta dawo, maƙwabcinsa ya ce garin barkono ya fi riƙo. Daga baya wani a wajen aski ya ƙara masa da ganyen shayi. Shi kuma da ya ga kowanne da amfaninsa, sai ya riƙa haɗa su duk mako. Yana bayanin ne har da ɗan alfahari, bai lura matarsa ta fito ba.

Ta ajiye kwandon a kan benci, ta tsuguna gaban robar, ta daɗe tana kallo. Ta sa tsinke ta juya, ta sunsuna.

"Har da garin korina na miya?"

"Ranar barkono ya ƙare," in ji shi.

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Wata da watanni ƙwai da kayan yaji suna ɓacewa a kicin. Lokacin ƙanwarta na zaune a wurinsu tana wani kwas, sai zargi ya faɗa kanta. Magana ta yi zafi, ƙanwar ta haɗa akwatinta tana kuka, kuma tun ranar ko waya ba su yi ba. Duk wannan rigima a gabansa aka yi, yana bayan jarida. Da ya sa baki ma, haƙuri ya ba su, ya ce abin duniya bai kai a ɓata zumunci ba.

Bakanike, wanda ya ga gara ya shiga aiki, ya jona tiyon famfo ya yi ta wanke lagireton har ruwan ya fito garau. Ya mayar da komai ya cika shi. Nan take ruwa ya fara tsartuwa ta ko'ina kamar an zuba a rariya, har yana jiƙa wa Injiniya takalmi. Ashe tsatsar da ƙwan ne suke riƙe da shi. Bakaniken ya goge hannu ya ce sai sabon lagireto, kuma motar a nan za ta kwana.

A bas suka ƙarasa, a matse a kujerar baya. Matarsa ta ciro waya ta danna lamba ta miƙa masa.

"Ka gaya mata da bakinka."

Ƙanwar ta ɗauka da murya a daƙile. Ya fara da albishirin haihuwa, ya bi ta kan yadda ruwa ke zagaya inji, ya yi ta kewaye har matarsa ta taka masa ƙafa, sannan ya faɗi komai. Kowa a bas ɗin ya kasa kunne.

"Yaya," in ji ƙanwar a hankali, "ɗanye kake zubawa, ko sai ka soya?"

Sai dariya ta ƙwace mata, irin mai haɗe da kuka. Matarsa ta karɓe wayar ta juya fuska wajen taga, tana share ido da bakin mayafi, tana faɗa wa ƙanwar ɗakin da mai jegon take a asibiti da abin da za ta taho da shi.

Injiniya ya zauna rungume da kwandon, yana kallon jiƙaƙƙen takalminsa. Wani dattijo da ke gefensa ya matso, ya yi masa raɗa cewa tasa motar ma tana ɗiga, barkonon nan cokali nawa ake sawa.

Injiniya ya saci kallon matarsa, ya ga hankalinta na kan waya. Ta ƙarƙashin kwandon ya ɗaga masa yatsu biyu.