Suna na Goma Sha Uku

A ƙauyenmu ba a rufe mutum sai an busa masa trembita, dogon kakakinmu na katako, kuma shekara arba'in ke nan ni ke busawa. Da can tsofaffi nake rakawa. Tun da yaƙin nan ya soma kuwa, sai yaran da na san ranar haihuwarsu.

Wata Laraba Orisiya, malamar makarantarmu, ta same ni ina faskare. Ta ce ranar Lahadi bayan coci za a tuna da waɗanda suka faɗi a fagen daga. Kowane gida zai rubuta wa ɗansa baiti huɗu, ita ta kira suna ta karanta, ni in busa sau ɗaya. Suna goma sha biyu ne. Na ce mata mutanen da wasiƙa ma ke gagararsu, su ne za su yi waƙa?

"Kawu Tanasi, kai dai ka zo da numfashinka," in ji ta.

Daga ni har ita babu wanda ya ambaci Lukyan. Shi kaɗai Allah ya ba mu, ni da matata Odokiya. A takardar hukuma ɓacewa ya yi, wata goma sha tara ke nan. A cocinmu takarda biyu ake ajiyewa a bakin ƙofa, ɗaya ta yi wa rayayyu addu'a, ɗaya ta matattu. Duk Lahadi ina tsaye kusa da ita Odokiya ke rubuta sunansa a ta rayayyu.

Ni kuwa na sani. Miron, abokinsa da ya dawo da ƙafa ɗaya, ya tare ni a bakin gada tun cikin hunturu, ya ce a gabansa abin ya faru, kuma ruwan wuta bai bar su sun ɗauko gawar ba. Na sa ya rantse ba zai gaya wa uwar ba. Wata biyar ina cin abincinta, ina gyaɗa kai idan ta nuna mini safar da take saƙa masa. Na ji haushin kaina, kuma Allah ya yafe mini, na ji haushinta ita ma. Tsofaffinmu na cewa ruhun da ba a busa wa ba, ba ya gane hanya. Na raka 'ya'yan kowa, nawa yana can yana gararamba. Amma idan na busa masa, to, na kashe shi a gaban uwarsa.

Ranar Lahadin aka taru a farfajiyar coci. Mata sun jera burodi da kyandir a tsakiyar kowanne, ga dafaffiyar alkama da zuma. Waƙoƙin dai kamar yadda na zata, babu ƙafiya babu ma'auni. Wata kaka ta ɓata baiti biyu cur a kan yadda jikanta ba ya goge takalmi kafin ya shigo ɗaki. Amma babu wanda ya yi ko murmushi, har ni da na raina su. Orisiya na kira, ina busawa, dutse na maido da sautin. A na goma sha biyu na sauke trembita, na share baki.

Orisiya ba ta naɗe takardarta ba. Ta zaro wata daga aljihu, ta kira sunan ɗana.

Jini ya hau mini ka. Na ɗauka Miron ne ya saki baki, Orisiya kuma ta yi gaban kanta. Na yunƙura in ƙwace takardar kafin Odokiya ta yanke jiki ta faɗi, sai na hango rubutun. Na Odokiya ne, manyan baƙaƙen nan masu karkata. Orisiya ta karanta:

Na saƙa maka safa bakwai, ɗana,
Ƙafar da za ta sa ba ta zo ba.
Babanka ya sani, ya yi shiru don ni,
Ni ma na sani, na yi shiru don shi.

Na waiga. Odokiya na tsaye ƙyam, ta ɗaura baƙin kallabin da rabona da ganinsa tun rasuwar mahaifiyarta. A jaka ta ɓoyo shi daga gida.

"Miron bai iya ƙarya ba, tsoho," in ji ta. "Tun kafin bikin Ista na titsiye shi. Kana tsaye a kaina duk Lahadi, a wace takarda kake so in rubuta? Busa wa yaron nan, ya gaji da jira."

Na ɗaga trembita. Bakinta na lilo a sama, na hura, iska kawai ta fito. A shekara arba'in hakan bai taɓa faruwa da ni ba. Mutane suka sunkuyar da kai.

Odokiya ta ratso su a hankali, ta je can ƙarshen trembitar, ta ɗora shi a kafaɗarta, ta riƙe da hannu biyu, ta juya mini baya don kada in ga fuskarta.

"Sake," ta ce.

Na cika ƙirjina, na busa wa ɗana.