Ramin Nomau

Tun ranar da aka karanta musu labarin mutumin da ya gina gidansa a kan dutse, Nomau ya daina samun sukuni a majami'arsu ta laka. Magini ne, ɗan Dogonduci, aikin gini ya kawo shi Agadez har ya zama dattijo a cikin 'yan tsirarun Kiristocin unguwar. Ya san a kan me suka ɗora bangon nan: yashi ne tsagwaronsa.

Kowace shekara kafin damina sukan yi gayyar yaɓe, maza na cuɗa laka, mata na kawo ruwa. Bana Nomau ya hana.

"Har yaushe za mu riƙa shafa wa yashi laka? A tona, a kai ga dutse, a yi wa Ubangiji gini na gaske."

Fasto Ɗan Lami ya ce masa, "Baba Nomau, harsashin ikilisiya an riga an kafa shi, Almasihu ne. Mu ne duwatsun da ake jerawa a kansa."

"Na ji, Fasto. To in ruwa ya zo, wa'azi zai tare shi?"

Aka ƙyale shi. Ya fara tono a gindin tsohon bangon, don filin ba shi da faɗi. Ana cikin haka ruwa ya sauka a kan duwatsun Ayar, kwarin Telwa ya kawo, ya malalo unguwa. Ramin ya cika, ya jiƙa gindin bangon da ba a yaɓe ba, bangon ya zauna da rufinsa. Allah ya sa ba kowa a ciki.

Babu wanda ya ce masa uffan, kuma wannan ya fi ci masa rai. Sai dai da aka koma taruwa a fili, jama'a ta fara raguwa. Masu yara suka ce rana ta yi yawa. Nomau ya ga in bai kai ga dutsen nan ba, shi ne mutumin da ya watsa ikilisiya a banza. Ya ci gaba da tono shi kaɗai, har ramin ya wuce tsayinsa, sai da tsani yake sauka.

Wata Lahadi da sassafe ya ce bari ya ɗan taɓa kafin mutane su iso. Yana can ƙasa yana zuba yashi a guga, ya ɗaga kai, babu tsani.

"Kai! Wa ya ɗauke mini tsani?"

Fuskar Kyauta ta leƙo, gwauruwar da ke share wurin tun zamanin mijinta.

"Au, kana ciki? Mun ɗauka don ɗaura rumfa. Malam Issouf na maƙwabta ya ara mana tabarmi."

"Ku mayar mini da shi!"

"Yanzu kuma shi ya riƙe gefe guda. In aka zare, ta faɗo a kan mutane. Wanda ya faɗi a bana ai ya isa." Ta ƙara leƙowa. "Ka samu dutsen?"

Nomau ya koma kan aikinsa. Ya caka felun tonon a ƙasa da ƙarfi, ya shige sumul.

Haka ya yi sujadar Lahadi a cikin rami, rana na hawa, gumi na bin gemunsa. Ya kasa kunne yana rarrabe muryoyi a cikin waƙa. Ga ta Kyauta mai karkarwa, ga ta matar ɗan'uwa Seydou da ta yi makonni ba ta zo ba, har da kukan jaririnta. Ashe inuwa kawai suke nema. Takaici ya cika shi, bai san ko da su yake yi ba ko da kansa.

Da aka tashi, Fasto da Seydou suka durƙusa a bakin ramin, suka miƙo hannu. Gefen ya zabtare, yashi ya zubo masa a ka. Sai da wasu suka riƙe su ta baya, mata suka riƙe waɗancan, kafin aka jawo shi.

"Ranar Asabar za mu cike shi, Baba," in ji Fasto. "Mu cuɗa laka."

Nomau ya kakkaɓe hularsa, ya daɗe yana duban ramin.

"A kan yashi ke nan."

"A kan yashi."

"To a ja ginin baya da taku kaɗan," ya ce, bai dubi kowa ba. "Kuma wani ya sauka ya ɗauko mini feluna."