Dusar Ƙanƙarar Dulcie

Merv Tuckwell ya karkaɗa matacin shayi a hankali, garin soda ya sauka kan rufin ɗan cocin da bai fi kwalin ashana ba. Zufa na ɗiga daga haɓarsa, amma bai kunna fanka ba, kada iska ta kwashe aikin.

Mako uku yana gina ɗan ƙaramin samfurin gari a kan faifan katako. Tsohon garin Adaminaby ne, mahaifar matarsa Dulcie, wanda ruwan dam ya shanye tun tana yarinya. Shi kuwa a Cairns, gari mai zafi, aka haife shi, bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba. Don ya kwaikwayi ƙanƙarar, ya gwada fulawa, ta koma rawaya. Ya gwada sukari, tururuwa suka yi biki. Sai da ya kwaɓa soda da farin gam da ɗan fenti kafin abin ya zauna.

Da hantsi ya kai shi gidan kula da tsofaffi inda Dulcie take. Wata biyar ke nan Dulcie ba ta gane shi ba, maganarta ma ba ta wuce "i" da "a'a".

Ya ajiye a gabanta. Ta daɗe tana kallo.

"Wa ya yi wannan shirmen?" ta tambaya.

"Ni ne."

"To ba ka san ƙanƙara ba. Wannan ai kek ɗin biki ne."

Merv ya ji abin har zuciya, amma ya ja kujera ya zauna. "Me na ɓata?"

"Komai! Ta yi tsabta da yawa. Kwana ɗaya take fara, washegari duk caɓi da toka da kashin dawaki. Ina hanyar da Baba ke sharewa zuwa bayan gida? Ko riƙe fitsari za mu yi har sanyi ya wuce?"

Ya miƙa mata cokali. Ta kankare aikinsa tun daga ƙofar gidansu har zuwa shinge, sannan ta tsoma yatsa a kofin shayi ta ɗiɗɗiga a kan titi. 

"Kada ka ji haushi, bawan Allah," in ji ta. "Mijina Merv ma haka yake. Kullum sai ya ce zai kai ni mu ga ƙanƙara, amma tsoron sanyi gare shi kamar kyanwa."

"Ragon banza ne," in ji Merv. Ya juyo mata ɗaya gefen katakon. "Makarantar fa, yaya take?"